Yadda Baba Ya Bi Ɗan Wahala

Ku yi haƙuri in na haɗa muku gaba da baya, yau bakina ya fi hannuna sauri. Bari dai in fara da 'yata, don in ban fara da ita ba, ba za ku gane sauran ba.

'Yata kyakkyawa ce, kuma ba ni kaɗai na faɗa ba, har nas ɗin da ta karɓi haihuwarta ta faɗa. Ga kumatu, ga gashi, ga ɗan lotsawa a haɓa irin na babanta. Abu ɗaya ne da ita: ba ta yarda a tsaya. In na goya ta ina tafiya, lafiya lau, har minshari take yi. In na tsaya ko don in gyara silifa, sai ta buɗe maƙogwaro. Kakanta, wato baban mijina, shi ya sa mata suna Jiniya, sunan kuwa ya kama ta, har maƙwabta sun manta na gaskiyan.

Shi Baba tsohon direban tirela ne. Ya gama ƙuruciyarsa yana jan lodi daga wannan ƙasa zuwa waccan, har ya ajiye aiki bai taɓa kaɗe ko akuya ba, in ji shi. Sai ga shi a banɗakin gidanmu, a kan guntun sabulu, ya yi hatsarin da bai yi a titi ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi masa tiyata, aka sa ƙarfe, aka dawo mana da shi ya kwanta.

Akwai likitar gashin ƙashi da take zuwa gida duba shi, wata doguwa, ba ta dariya sai in ta ga Jiniya. Ranar nan a gabanmu duka ta ce masa, "Baba, ƙashi ya haɗe, saura naka aikin. In ba ka taka ƙafar nan ba, naman zai shanye, gwiwa ta sandare. In ta sandare kuwa ba ni da abin da zan yi mata. Zama ne har ƙarshe."

Baba ya ce, "Yarinya, ai zama ne sana'ata. A zaune na ga ƙasashen da ko sunansu ba ki sani ba."

Ta ajiye masa ƙarfen dogarawa, irin mai ƙafa huɗun nan. Ya gode mata sosai. Tana fita ya rataye tawul ɗinsa da singileti a kai.

Mijina ya yi roƙo, ya yi lallashi, ya yi fushi irin wanda ɗa yake iya yi wa uba, wato ya fita waje ya yi wa bokiti faɗa. Baba ko a jikinsa. Sau ɗaya ne kawai, ina ajiye masa shayi, ya ce da ni a hankali, "'Yar nan, da kunnena na ji ƙarar ƙashin nan."

To, littafin kuma. Mijina gyaran firji yake yi. Wata rana ya je ɗauko wani firji a wani gida, ya tarar an tokare ƙafarsa ɗaya da littafi. Masu gidan suka ce ya tafi da su duka biyun. Shi ya kawo mini, har yanzu akwai ramin ƙafar firjin a bangonsa. Labarin wani mutum ne mai gidan burodi, can wata ƙasa a bakin teku. Ya tashi wata safiya ya rufe shago, ya miƙa wa ƙanwarsa makulli, ya ɗauki jaka da laima, ya ce zai ratsa nahiya uku a ƙafa, ba mota, ba keke, ba jaki. Kuma shi da kansa ya rubuta abin da ya gani.

Ni makaranta ban kai ƙarshe ba. Na dai kai inda ake iya karanta takardar magani. Kuma karatun zuci ba ya shigar mini, sai na faɗa da baki na ji da kunnena sannan ya zauna. To tunda dai kullum ina kan ƙafa saboda Jiniya, na ce bari in riƙa yi da littafi a hannu, aƙalla ni da mutumin nan mu zama biyu.

Barandar gidanmu doguwa ce. Ɗakin Baba ne a farko, sai namu, sai na wata maƙwabciya mai ɗinki, sai famfo can ƙarshe. Haka nake yi, daga ƙofar Baba zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofar Baba, yarinya a baya, yatsa a kan layi. Ban ma san ana saurarona ba. Sai rannan ina wucewa na ji murya daga cikin ɗaki.

"Wai shi mutumin nan ba shi da 'yan uwa ne?"

Na ce, "Yana da ƙanwa, Baba."

"Kuma tana kallo ya fita?"

Ban samu na amsa ba, don Jiniya ta ji na rage gudu ta fara gyaran murya. Na wuce. Da na dawo ya ce, "Ƙasarsu babu tasha ne?"

Tun daga ranar ya sa masa suna Ɗan Wahala. Kullum da safe in na goya yarinya na ɗauki littafi, sai in ji ya ce, "Ina Ɗan Wahala ya kwana?" In na ce a ƙarƙashin gada, ya ce ya yi masa kyau. Karnuka suka bi shi a wani ƙauye, Baba ya ce karnukan sun fi ƙanwarsa sanin ya kamata. A wata kan iyaka ma'aikaci ya tambaye shi takardun abin hawa, mutumin ya ɗaga masa tafin ƙafa. Nan Baba ya yi dariya har da tari, sannan ya tuna ba ya son littafin, ya ɗaure fuska.

Matsalar ita ce rabi-rabi yake ji. Abin da na karanta a kusa da ƙofarsa nasa ne. Abin da na karanta a wajen famfo kuwa, ga ƙarar ruwa, ga keken ɗinkin maƙwabciya, ya wuce shi. Sai mutum ya shiga gari da takalmi biyu a kunnen Baba, in na dawo yana tafe da ɗaya.

Kada ku ce me ya hana ni yin zirga-zirgar a ƙofarsa kawai. Na gwada. Jiniya ta san bambancin tafiya da yaudara. In juyi ya yi yawa, a wurinta tsayuwa ce. Ɗakin Baba kuwa gado da kwaba sun cinye shi, taku biyu ka taɓa bango. In ta yi barci na gaske na sauke ta, ga wanki ga girki suna jirana. Shi kuma Baba idonsa na nesa ne, zai karanta maka lambar mota daga ƙarshen layi, amma rubutun littafi tururuwa yake gani. Ɗansa kuwa, Baba ba zai roƙe shi ya karanta masa ba, tunda a gabansa ya ce littafin shirme ne.

Ana haka Ɗan Wahala ya shiga hamada. Ruwansa ya kusa ƙarewa, leɓe ya tsage, laima ta karye. Ina daidai ƙofar Baba na karanta cewa ga wata babbar mota ta taho ta tsaya a gefensa, direba ya leƙo.

Baba ya ce, "Yauwa! Wace iri ce? Me ya ɗauko?"

Ni kuwa ƙafa ta riga ta yi gaba. Ya ɗaga murya ya ce in tsaya, na tsaya. Jiniya ta saki abin da aka san ta da shi, har mai ɗinki ta leƙo ta taga da allura a baki. Ba wanda yake jin kowa. Dole na ci gaba. Ko da na dawo, mota ta tafi, mutum yana nan yana takawa.

"Ina motar?"

"Ta wuce, Baba."

"Ba shi a ciki?"

"Ba shi."

"Me direban ya ce masa?"

"Sun dai yi magana, sai ya ba shi ruwa ya tafi."

"Wace magana? Direba ya taka birki a tsakiyar hamada da lodi, ki ce mini sun dai yi magana? Ni ba na son wai. Yadda aka rubuta nake so."

Na koma baya na sake karantawa. Amma ni karatuna a hankali ne, kafin in haɗa kalmomin direban na riga na wuce ɗakinmu. Kuma ranar muryata ta ɗan yi ƙasa, ban san dalili ba, wataƙila sanyin ruwan wanki ne.

Da na juyo daga famfo sai na ga tawul da singileti a ƙasa. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya riƙe ƙarfen nan da hannu biyu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ƙafar tana rawa. Na so in yi ihu in kira duk gidan. Amma na san halinsa, in na nuna na gani zai koma. Na sa ido a littafi na zo na wuce shi kamar ginshiƙi ne.

Ya ce, "Iska na fito sha."

Na ce, "Akwai ta kuwa yau, Baba."

Abin da direban ya ce, ashe, shi ne Ɗan Wahala ya hau ya kai shi gari na gaba, ba wanda zai sani. Mutumin ya ce ai shi zai sani. Baba ya ce, "Direban ɗan halak ne. Wancan kuwa ba shi da kunya, a yi maka tayin gaban mota ka ƙi."

Daga nan aka fara. Yau ya tsaya a ƙofa, gobe ya kai tagarmu, wata rana har ƙofar mai ɗinki. Yana bina a baya, ƙarfe ƙwas, ƙafa sululu, baki kuma bai huta ba. Bai taɓa cewa tafiya yake koyo ba. Cewa yake so yake ya ga ranar da Ɗan Wahala zai gaji ya shiga mota kamar kowane ɗan mutunci. Da ya ji akwai teku a gaba sai ya ce, "To, za mu ga yadda ake taka ruwa."

Ba mu kai tekun ba aka samu matsala. Wani ya bar famfo yana ɗiga, ƙafar ƙarfen ta zame a jiƙaƙƙen siminti. Bai faɗi ba, bango ya tare shi. Amma na ga fuskarsa. Ya juya a hankali ya koma ɗaki, ya kwanta ya fuskanci bango. Washegari tawul ya koma wurinsa a kan ƙarfen.

Na yi karatu a ƙofarsa da ƙarfi, bai tanka ba. Ɗan Wahala ya kwana a ofishin 'yan sanda saboda sun ɗauka ɓarawon kaji ne, Baba bai ce ya yi masa kyau ba. Likita ta zo ta kama gwiwar ta lanƙwasa, ta ce ta fara tauri, in aka ci gaba a haka ba da daɗewa ba za ta daina zuwa, don zuwanta ba zai ƙara komai ba. A baranda ta faɗa mana, amma ƙofar a buɗe take.

Mijina mutumin kirki ne, Allah ya sani. Na ba shi labarin yadda Baba yake bin littafi, ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane. Ranar hutunsa sai ga shi ya shigo da keken guragu, ya aro daga ƙaramin asibitin unguwa.

Na ce, "Baban Jiniya, wannan fa?"

Ya ce, "Ba labari yake so ya ji ba? Sai in riƙa tura shi a bayanki, ya ji duka, ba sai ya wahala ba."

Na kalle shi. Yana murmushi irin na wanda ya gyara firjin da ya gagari kowa. Na ce a raina shi ke nan, ƙafa ta tafi.

Baba ya yarda aka ɗaga shi aka zaunar. Na shiga gaba da yarinya da littafi, su suna biye. Ban gama layi biyu ba na ji an fara.

"Kai, hannunka na dama ya fi ƙarfi. Kana cin gefe."

"To, Baba."

"Ba ka ga bokiti ba? Tun daga nesa ake kauce wa abu, ba sai an zo kansa ba."

"Na gani, Baba."

"Ka gani ka taka shi?"

A wajen famfo mijina ya zo juyawa, taya ta daki bango, ya ja baya, ya sake dakan bangon. Mai ɗinki ta daina ɗinki ta fito da kujerarta ta zauna.

Baba ya ce, "Haka ake shan kwana? Wa ya koya maka?"

"Ba wanda ya koya mini, Baba."

"Ga alama nan. Tsaya. Na ce tsaya! Tunda uwata ta haife ni ban taɓa zama fasinjan ɗan koyo ba. Kama ni in sauka."

Ya sauka. Ya dafa bango, ya zagayo bayan keken, ya ture hannun ɗansa ya kama mariƙin da hannu biyu. Ya ɗan tura gaba, ya ja baya, ya matsa birkin hannu ya saki, yana saurare kamar injin zai yi magana. Sannan ya sha kwanar nan a tashi ɗaya, ko fentin bango bai taɓa ba.

Ya ce, "Ka gani? Amma ba ta da nauyi, tana rawa. Mota ba lodi ba ta zama a titi." Ya waiwayo ya kalli bayana. "Kawo amaryata."

Na kawo kwandon wanki, na shimfiɗa bargo da filo, mijina ya ɗaure kwandon a kujerar da majanyi ya ja ya tabbatar. Na sauke Jiniya na kwantar. Ta buɗe baki za ta fara, Baba ya tura. Ta rufe bakin. Ta kalli rufin baranda yana wucewa, ta kalli kakanta, ta sa yatsa a baki.

Jama'a, bayana! Tun da na haifi yarinyar nan ban yi tafiya ba komai a bayana ba sai ranar. Ji na yi kamar zan tashi sama. Na riƙa tafiya a gefensu ina karatu, ina jin iska tana taɓa inda ta daɗe ba ta taɓa ba.

Kuma Jiniya ba ta san tsoho ba, ba ta san mai ƙarfe a ƙugu ba. Baba ya tsaya ya huta, ta kunna masa. Ya ce, "To, to, ranki ya daɗe, an tafi." Abin da likita ta kasa sa shi, da abin da ɗansa ya kasa, yarinyar da ko haƙori ba ta da shi ta sa shi.

Mun kai tekun kuwa. Ɗan Wahala ya shiga jirgin ruwa, Baba ya saki hannu ɗaya ya daki iska ya ce, "Ba na faɗa ba!" Sai layi na gaba ya ce mutumin bai zauna ba, zagaye saman jirgin ya riƙa yi da ƙafa tun safe har yamma har aka ƙetare, wai kada ya ci bulus. Baba ya mayar da hannunsa kan mariƙi. Ya yi tafiya mai ɗan tsawo, sannan ya ce, "Wannan ba wahala ba ce kuma, ciwo ne."

Baranda ta yi masa kaɗan, ya ce ba a sanin mota a gareji. Muka fita layi. Yana ba masu babur hannu, yana yi wa kaji hon da baki. Mai kantin magani ya ce, "Baba, an dawo aiki ke nan?" Ya ce, "Ɗan lodi ne na cikin gari." Yanzu Ɗan Wahala yana nahiya ta uku, cikin duwatsu masu ƙanƙara, ya naɗe ƙafafunsa da jarida. Baba ya ce ko ya mutu a can shi ba zai je gaisuwa ba. Amma in na rufe littafi da wuri sai ya ce ai akwai sauran haske.

To, yau. Yau nake son in gaya muku.

Da safe likita ta zo. Ta lanƙwasa gwiwa, ta miƙe ta, ta sake lanƙwasawa. Ta sa shi ya je famfo ya dawo. Sai ta yi dariya, kuma Jiniya ba ta ma wurin. Ta ce ƙafa ta dawo hanya, a ci gaba a haka. Ta ce keken kuma a mayar asibiti, akwai mai buƙatarsa na gaske.

Baba ya ce, "Wane keken?"

Ta nuna.

Ya ce, "Motar tawa?"

Ta ce ai ta asibiti ce. Ya ce shi bai ga sunan asibiti a jiki ba. Ta juya keken ta nuna masa, ga shi nan ɓaro-ɓaro da farin fenti. Ya ce idonsa na nesa ne.

Da ƙyar mijina ya shawo kansa, ya ce akwai 'yan gwanjo a bakin babban titi masu sayar da keken jarirai, a je ya zaɓa da kansa. Muka tafi mu huɗu, Baba yana tuƙi. Mai shagon ya fito da guda uku ya jera a ƙofa, yana ta yabon wani mai ruwan hoda da 'yar laima. Na ɗauki Jiniya ina jijjiga ta a kafaɗa. Baba ya saki mariƙin keken asibiti, ya taka ya je wurinsu, hannu a baya. Ya zagaya na farko. Ya leƙa ƙarƙashin na biyu. Ya zo kan mai ruwan hodan ya tsaya.

Sai ya ɗaga lafiyayyar ƙafar ya shuri taya.

Kun gane? Lafiyayyar ya ɗaga. Duk nauyinsa a kan mai ƙarfen, ba bango, ba mariƙi, ba kowa a kusa. Ya shura sau ɗaya, bai gamsu ba, ya ƙara. Mijina ya damƙe mini hannu har da zafi, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana karanta allon shagon maƙwabta. Ni kuwa na cusa fuska a wuyan Jiniya don kada a ji ni.

Baba ya kalli mai shago ya ce, "Tayar baya ta cinye. Fito mana da wani."